Ƙubbar Baba Kofur

Ranar ƙaramar Sallah ta shekarar 1989, ina 'yar shekara tara, muka cika falon Baba Kofur da ƙarar sababbin takalma da ƙamshin turaren iyayenmu mata. Flat ɗinsa yana ƙasa a benen council, wato gidajen hayar ƙaramar hukuma, da muke zaune a Tottenham, kuma duk wanda ya sauko daga idi sai ya biya ya gaishe shi kafin ya hau sama. A tsakiyar falon, kan wani tebur da ya cinye rabin ɗakin, akwai ginin da ya shafe shekaru yana haɗawa da tsinken ashana da gam, wanda kowa a benen yake kira masallacin Baba Kofur. Ranar muna da baƙo, Bashir, ɗan wani alhajin Kano da Abbanmu ke tuƙawa idan ya shigo London. Bashir ya girme ni da kaɗan, makarantar kwana yake yi, kuma bai daɗe da dawowa daga yawon da suka je Paris ba. Ya zagaya teburin hannu a aljihu, ya tsaya gaban ƙubbar da ke ƙyalli, ya faɗa da Turanci, sannan ya maimaita da Hausa don kada wani ya ce bai ji ba: "Ai na shiga wannan. Coci ne." Anti Lantana, maƙwabciyarmu 'yar Kumasi, ta mayar da cincin ɗin da ta kai baki cikin faranti. Baba Kofur bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai ya miƙa wa yaron alawa.

Baba Kofur mutumin Damagaram ne, dogo, busasshe, yana ɗan jan ƙafar hagu. Ya yi wa Faransa soja tun yana saurayi, har aka kai shi yaƙi wata ƙasa mai nisa a gabas, shi ya sa sunan kofur ya bi shi har tsufa. Daga baya ya yi gadin gidan wani attajiri a London, da attajirin ya sayar da gidan sai council ta ba shi wannan flat. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, ba shi da kowa sai mu. Kullum da yamma Umma takan zuba masa tuwo a kwanon samira ta ɗora mini, in sauko matakala ina haki saboda lif ɗinmu ya fi kwana a lalace. Idan na shiga sai ya ce, "Ɗiyata, maraba," ya janyo mini kujera kusa da teburin, ni kuwa in manta da ƙawayena da ke tsallen igiya a tsakar bene.

Ginin abin kallo ne. Gabansa doguwar fuska ce mai tagogi jere reras, da wani rami mai faɗi marar ruwa, a bakinsa ya jera igwa da ya yi da bututun biro. Idan ka leƙa ta babbar ƙofa sai ka ga tsakar gida mai kusurwa huɗu, baranda ta kewaye ta sama da ƙasa, kowace da ƙofofi masu lanƙwasa kamar bakan gizon soron manya. Can baya ƙubbar ta tashi sama, ta fi ni tsawo idan an haɗa da teburin. Mu yaran benen ne muka yi mata zinariya. Duk wanda ya ci cakulan mai takarda ruwan gwal sai ya lallaɓa ya goge ta da farce har ta yi sumul, ya kawo wa Baba Kofur ya manna. Har faɗa muke a makaranta kan takardar da wani ɗan Bature ya yar a kwandon shara. Iyayenmu mata kuwa murna suke yi, Umma takan ce, "Ku yi ta kaiwa, ko na wasa ne masallaci masallaci ne." To wannan ladan ne Bashir ya zubar mana da jimla ɗaya, ya shiga mota ya koma tsakiyar gari abinsa.

Tun kafin Sallah ta wuce magana ta hau bene ta sauko. Anti Lantana ce ta fi kowa ɗauka da zafi. Ita Hausarta ta zango ba ruwanta da mace ko namiji, kowa kai ne, ta tare Umma a baranda wajen shanya tana cewa, "Maman Rabi, kai ka ji ai. Yaranmu ya gina coci da hannunsa, mu muna tafi." Daga nan aka shiga tone-tone. Aka tuna Baba Kofur bai taɓa ɗora wata da tauraro a kan ƙubbar ba, tsini ne kawai tsirara. Aka tuna yakan fita kowace Lahadi da sassafe sanye da kwat, ba ya gaya wa kowa inda za shi. Aka tuna bai faye zuwa Juma'a ba, ciwon ƙafar da kowa ya yi masa uzuri da shi shekara da shekaru ya zama ƙarya a mako guda. Wani ma ya ce shi tun da can bai yarda da mutumin da ya daɗe cikin Faransawa ba. Babu wanda ya tambaye shi, don a ganinsu wanda ya iya ɓoye abu tsawon wannan lokaci ba zai gagara shirya amsa ba.

Ni ma zargin ya kama ni, kuma ya kama ni sosai. Wata Asabar na zame daga wajen wankin kaya na shiga laburaren unguwa, na sa matar wurin ta nemo mini littafin gine-ginen Paris, ina fatan in ƙaryata Bashir. Ina buɗewa sai ga ginin Baba Kofur. Ga ramin, ga igwa, ga tsakar gida da barandarta, babu abin da Baba Kofur ya rage. Littafin ya ce wani sarkin Faransa ne ya gina shi fiye da shekara ɗari uku da suka wuce, don sojojinsa da suka tsufa ko suka nakasa su sami wurin kwana da magani maimakon bara a titi. Ya ce coci biyu ne a manne baya da baya, ɗaya dogo na sojoji inda aka rataye tutocin da aka ƙwato a yaƙi, ɗaya mai ƙubba na sarki, kowa da ƙofarsa, don sarki ya yi ibada lokaci ɗaya da sojojinsa ba tare da kafaɗarsa ta gogi tasu ba. Ƙarƙashin ƙubbar kuma kabarin wani shahararren sarkin yaƙinsu ne. Abu ɗaya ne ya bambanta hoton da na teburin: a can ƙololuwa akwai kuros, wato gicciye. Na rufe littafin na dawo gida ina jin haushin tsohon kamar ni kaɗai ya yaudara.

Umma ba ta yanke tuwon ba, ta ce haƙƙin maƙwabci daban ne, amma ta hana ni zama, ta kuma hana takardar gwal. "Ki ajiye ki fito. Kuma ki buɗe idonki." Na kuwa buɗe. Nakan duba dardumarsa in ga ko ta motsa daga inda na bar ta jiya, in taɓa butarsa in ji ko da danshi. Idan na tarar da ita a jiƙe sai in ce don mu ya jiƙa ta. Idan ya yi bismilla kafin ya buɗe kwanon sai in ga kamar ya ɗaga murya don in kai labari sama. Shi kuwa ya lura sarai, ya daina janyo mini kujera, amma bai daina cewa "ɗiyata" ba. Aikin ƙubbar ya tsaya cak, ɓarin bayanta ya zauna da farin kwali.

Da sanyi ya shigo, cikin watan da Turawa ke maƙala jan fure a ƙirji don tunawa da 'yan mazan jiya, Baba Kofur ya fito da safe sanye da kwat ɗinsa, ga lambar yabo tana reto a ƙirjinsa, kuma siffar kuros gare ta. Anti Lantana ta gani daga baranda, kafin azahar kowa ya gani da idonta. A makon kuma tari ya sarƙe shi har aka kira likita. Nan maganar ta tashi daga gulma ta koma abin tsoro, domin mazan benen sun zauna a falonmu, ina jin su daga kicin ina wanke-wanke, wani ya ce, "Idan ta Allah ta kasance, wa zai yi masa wanka? Ni dai ba zan sallaci wanda ban san alƙiblarsa ba." Wani ya ce sai a bar wa council ta yi arranging. Ko a lokacin na san abin da hakan ke nufi: mutanen da ba su san sunansa ba su ɗauke shi, babu likkafani, babu sahu. Duk haushinsa da nake ji, sai na ji hawaye na ɗiga cikin ruwan kumfa.

Abba mutum ne marar son magana, amma ranar ya ce kunya ba za ta sa a binne musulmi ba salla ba, ba kuma za ta sa a sallaci wanda ba ya so ba. Washegari ya karɓi kwanon daga hannuna, ya ce in biyo shi. Muka tarar da Baba Kofur a kujera lulluɓe da bargo. Abba ya durƙusa ya gaishe shi, ya daɗe yana kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Baba, ka yafe mini, mutane suna magana. Wannan ginin mene ne a wurinka?" Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Tun Sallah nike jiran wanda za ya tambaya." Ya ce in kama masa gefe, muka ɗaga rufin barandar sama ta ɓangaren gabas, wanda ban taɓa sanin yana buɗuwa ba. A can lungu akwai wata 'yar tabarma da aka saƙa da zaren buhu, ba ta fi ɗan yatsana ba, kusa da ita ga keken guragu na waya.

Ya ce na Mamman ne, abokinsa, tare suka shiga soja daga ƙauye ɗaya. Abin da ya taɓa masa ƙafa a yaƙin shi ya cinye wa Mamman duka biyun, aka kai shi jinya wancan gida, bai ƙara ganin Damagaram ba. Baba Kofur ya zauna a Paris yana ɗaukar kaya a kasuwa don kada ya bar shi shi kaɗai. Kowace Lahadi, sa'ad da sauran tsofaffin suka shige coci baranda ta yi tsit, sai ya kinkimo Mamman ya kai shi wannan lungu. Akwai wani ƙarfe a jikin bangon tsakar gidan da inuwarsa ke nuna lokaci, da shi suke gane azahar ta yi, shi ya yi limanci a tsaye, Mamman ya bi shi a zaune. Lambar kuwa ta Mamman ce, haka Faransa ke ƙera ta ko wa za ta ba. Fitar Lahadi ta zame masa jiki, yakan je ya zauna a wurin shaƙatawa har rana ta karkata. Abba ya tambaye shi batun tsinin ƙubbar, tsohon ya ce, "Abin da ke bisa can nasu ne, ban sa ba. Wata kuma ban sa ba, don ba masallaci ba ne, ba ni yi wa gini ƙarya. Amma mun sa goshi a cikinsa."

Ba kowa ya gamsu ba. Anti Lantana ta ce, "Allah ne ya san cikin mutum," ta ci gaba da kauda kai idan ta wuce ƙofarsa. Umma kuwa ba ta sauka ta ba shi haƙuri ba, don ba halinta ba ne. Amma kwana kaɗan bayan haka, da ta ɗora mini kwanon, na ga wani abu yana ƙyalli a kan murfin. Takardar cakulan ce ruwan gwal, an goge ta da farce ta yi sumul, alhali Umma ko zaƙi ba ta sha. Ta ce, "Ki zauna ki taya shi, amma kada ki kai magariba." Ya ƙarasa ƙubbar kafin bazara. Da ya rasu bayan shekara biyu, Abba ne ya yi masa wanka, wanda ya ce ba zai sallace shi ba yana sahun gaba. Ginin kuwa ba a samu mai wurin ajiye shi ba, ya tafi ranar da aka kwashe kayan flat ɗin.

Yanzu daga London zuwa Paris tafiyar hantsi ce a jirgin ƙasa, kuma yaro zai iya duba kowane gini a waya ya gaya maka sunansa kafin ka rufe baki. Mu da muka yi shekaru muna kiran coci masallaci, a wancan benen kowa ya san tarin maƙwabcinsa, har ya dami kansa da wanda zai yi masa wanka, inda nake zaune yau kuwa ko zargina ba mai yi. Bara na je wancan gidan na Paris tare da 'yata. Jama'a duk sun yi wajen ƙubbar suna sunkuyawa kan kabarin sarkin yaƙi, ni na hau barandar sama na bi ta gabas har lungun. Babu komai a wurin sai dutse mai sanyi. Na dubi ƙarfen da ke jikin bango na ga inuwa ta karkata, sai na cire gyalena na shimfiɗa. Azahar ta yi, kuma na san alƙiblar wurin tun ina 'yar shekara tara.