Dangin Gimbiya

Kawu Asali ya samo sunansa daga bakinsa ne. Ko tsintsiya ka saya sai ya tambaye ka asalinta. Dawaki ya gada a wurin mahaifinsa, barga cike, amma ciwo da tsadar dusa suka yi ta tsince su ɗaya bayan ɗaya. Da furfura ta gama cin gemunsa, saura goɗiya ɗaya tal, Gimbiya, ita ma tsufa ya fara leƙo ta. Burinsa ta haihu kafin ƙarfinta ya ƙare, kada irin ya mutu a hannunsa. To amma wane ingarma? Duk wanda aka kawo sai Kawu ya zagaya shi, ya taɓe baki, ya ce ba shi da asali.

Bayan dangarsa kuwa akwai Mai Amalanke, maƙwabcinsa, da wani baƙin ingarma mai jan kaya. Dokin nan ya ƙallafa rai a kan Gimbiya. Da ya ji haniniyarta sai ya tsinke igiya ya keto danga.

"Maƙwabci, ka bar yara su daidaita mana," in ji Mai Amalanke.

"Da wannan ɗan dakon? Ka fiɗiye shi mu huta, ko in kai ƙara!"

Kawu ya gyara dangar nan har bayansa ya daina miƙewa.

Wata rana wata likitar dabbobi ta zo unguwar tana tattara gashin wutsiyar dawaki. Ta ce a saiwar gashi akwai alamomin gado da kowane doki ke ɗaukowa daga uwa da uba. In aka jera na dawaki masu yawa a ɗakin gwaji, sai a ga wane iri ne ya fi kusa da wane. Kawu ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka. Ashe za a nuna masa inda dangin Gimbiya suke! Ya ɗauko almakashi ya yanko mata tuli guda.

"Baba, wannan ai aski ka yi mata. Tsigewa ake yi, da saiwa."

Da kansa ya tsige, yana ba goɗiyar haƙuri. Likita ta leƙa ta tsigi na baƙin ingarma ma, Kawu yana cewa kada dai ta haɗa su a jaka ɗaya.

Aka shiga jira. Ciyawa ta bushe, ta sake tsirowa. Kullum ya ɗebo ruwa, ya kwashe kashi, ya zauna a bakin turke yana tausa gwiwa. Matarsa ta ce, "Malam, kai da ita ban san wanda zai riga wani kwanciya ba."

Da Likita ta dawo, ta nuna masa wani zane a wayarta, kamar bishiya mai rassa.

"Ga Gimbiya nan. Cikin duk dawakin da muka gwada, ga wanda ya fi kusa da irinta, reshe ɗaya suke."

"Na wace ƙasa ne?"

Ta nuna bayan danga da leɓe.

Kawu bai yi gardama ba, ƙarfin yin ta ma ya ƙare masa. Ya kwance goɗiyar, ya ja ta, ya bi ta ƙofar maƙwabcinsa kamar baƙon kirki.

Mai Amalanke na zaune yana ɗinkin buhu. Ya saurari bayanin har ƙarshe, sannan ya ajiye allura.

"Kai, maƙwabci! Ai na bi shawararka, na fiɗiye shi. Ba ka lura danga ta daina faɗuwa ba?"

Kawu ya lura. Ya ɗauka gyaransa ne ya yi kyau.

Ya nemi gefen benci ya zauna, igiyar ta zame daga hannunsa. Gimbiya ta taka a hankali ta tura baki cikin bahon dusar baƙin dokin. Shi kuwa dokin ya matsa mata gefe, ko kallonta bai yi ba.