Mai Tsugunno a Kasuwar Jimeta

Ɓarrr! Wandonsa ya yage tun daga baya, a gaban masu sayar da shinkafar bakin tafkin Njuwa. Mata suna ta guntse dariya, ni kam tawa sai da ta kai bakin titi.

Ban san shi ba. Dogo ne, zai kai hamsin, da takalmi mara tudu da ɗan matashi maƙale a hammata, na jingina baya a Keke Napep. Ina jin ma'aikaci ne, irin waɗanda kujerar ofis ta cinye wa ƙugu. Ba ya sunkuyawa sam. Tsugunawa yake, bayansa a miƙe kamar tabarya, ya rungume buhu a ƙirji, ya tashi da ƙarfin gwiwa. Tsugunnon ne wandon bai iya ɗauka ba.

Bai ko waiwaya ba, ya sake tsugunawa kan buhu na biyu.

Na ce, "Oga, Jimeta duka na kallon bayanka fa!"

Ya ce, "Malam, wata uku ina kwance da ciwon baya, matata na juya ni kamar masa a tanda. Kunyata ta ƙare tun lokacin. In ka gama kallo, kama min gefe ɗaya."