Gwaji na Goma Sha Bakwai

Mudi mai kiwon kaji na zaune a wani shago bayan Kasuwar Kure, yana kallon matar da ke gwada ƙwaƙwalwar injin ƙyanƙyasarsa. Ƙwai ɗari uku na jiransa a Kuta. Matar siririya ce, ta ɗaure tabarau da zare, da gani ta taɓa koyarwa. A littafinta, hagu abin da ake so injin ya yi ne, dama kuma gwajinsa.

Ta iso gwaji na goma sha bakwai: in an ɗauke wuta, injin ya koma batir. Sai ta harɗe hannuwa.

"Madam, ba za ki zare filogin ba?" in ji Mudi.

"Wannan yi mini ake yi, Malam."

Fankar shagon ta tsaya. Fitilar injin na nan a kunne. Ta ɗauki biro ta yi alama.