Jan Hancin Mai Guga

Shekara goma sha tara Mai Guga ya yi a shagonsa na ƙarshen layi, jikin rumfar mai gyaran takalmi, kuma ba wanda ya taɓa cewa ya ƙona masa riga. Fari ne, gajere, mai saurin hawa da saurin sauka. Shayi in bai ƙona harshe ba, ba ya sha. Barkono kuwa a kan komai yake barbaɗawa.

Da ya haura arba'in sai fuskarsa ta tayar masa da rigima. Yana ɗora dutsen guga, tururi ya buso, sai kumatu da hanci su yi jajur, suna raɗaɗi kamar an watsa masa ruwan zafi. Can sai ga ƙananan ƙuraje.

Raɗaɗin bai ishe shi ba kamar bakin mutane. Kowa ya kawo kaya sai ya zama likita.

"Baba, ko man bilicin ka fara?" in ji wata mai kawo zannuwan gado.

"Ni? Da furfurar tawa?"

Mai gyaran takalmi kuwa ƙare wa hancin kallo ya yi, ya rage murya ya ce, "In wani abu kake kurɓa, faɗa mini, ba mai ji." Mako guda Mai Guga bai amsa gaisuwarsa ba.

Sai yayarsa ta zo da wani mai a kwalba ba suna, ta rantse shi ya gyara fuskar maƙwabciyarta. Kwana huɗu fuska ta yi luwai-luwai. Man na ƙarewa, ciwon ya dawo ninki biyu, har idanunsa suka riƙa yi kamar an zuba musu yashi. A nan matarsa ta ɓoye dutsen guga, ta ce sai sun dawo daga asibiti.

Likitar fata ta haska fuskar, ta ce sunan ciwon rozeshiya. Ba ƙazanta ba ce, ba a ɗauka, kuma man Yaya ne ya ƙara tunzura shi.

"To a ba ni allurar da za ta kashe shi."

"Ba ya warkewa kwata-kwata, Baba, lallaɓa shi ake yi. Ka kiyayi rana, da barkono, da abin sha mai zafi, da tururi, da ɓacin rai."

"Likita, ai rayuwata kika lissafa kaf! Ki ce in kwanta kawai."

Da mita ya dawo, amma ya bi. Ya jawo teburin guga bakin ƙofa, ya kafa fanka saitin fuskarsa, ya sayi malafa. Safe da yamma yana wanke fuska da ruwan sanyi, ya shafa maganin da aka rubuta masa. Shayin yakan ajiye shi ya huce, yana hararar kofin. Da barkono ne suka fi daɗewa suna kokawa. Duk ranar da ya saci ɗan kaɗan, kafin ya wanke hannu kumatunsa sun kai ƙararsa wurin matarsa.

Bayan wata uku ƙurajen suka kwanta, jan ya ragu. Ranar da Yaya ta zo ta ga fuskar, sai ta tafa hannu ta ce, "Ka gani ko? Na ce maka man nan a hankali yake aiki."

Ya buɗe baki zai yi magana, ya ji kumatunsa sun fara ɗumi. Sai ya juya ya ƙara wa fanka gudu.