Kilo Bakwai Tsakanin Larbi da Sama

Yayana Larbi direban babbar tasi ne a nan garin Bani Mallal. Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar Marsandinsa ya san halinsa guda biyu: bakinsa ba ya hutawa, kuma ba ya yarda fasinja ya ɗora kaya da kansa, ko da buhun zaitun ne. Tun yana saurayi yake tasha. Da sitiyarin nan ya aurar da ƴaƴa mata biyu, ya tura namijin Italiya kamar yadda kowa a garin nan ya tura nasa. Ni ce ƙanwarsa Hadda, ƙofata tana kallon tasa, don haka a wannan labari ganau ce ni, ba jiyau ba.

Duk shekara in sanyi ya shigo, ƙanƙara ta rufe kan duwatsu, masu dirowa daga jirgi da lema sukan cika ƙaramin filin jirgin da ke bayan gari. Larbi ne mai jigilarsu. Ya ɗauko su daga masauki, ya sauke su a ƙofar filin, sannan maimakon ya koma tasha neman fasinja, sai ya jingina da mota ya ɗaga kai sama har wuyansa ya ƙage. Ya san wanda ya iya sauka da wanda zai sha ƙasa. In ya dawo gida kuwa mun shiga uku da bayani, kuma kullum da magana ɗaya yake rufewa, wai baɗi shi ma zai diro. Baɗin nan ta fi ashirin tana zuwa tana wucewa.

Sai ɗaukar kayan mutane ya jawo masa ƙaba. Likita ya ce ƙaramin aiki ne, a yi da safe ya kwana a gida. Amma ban taɓa ganin tsoro irin na Larbi a ranar ba. Mutumin da yake tsere da manyan motoci a hanyar Marakish, ga shi kwance cikin ƴar rigar asibiti yana neman gafarar kowa, har mai shara. Da ya farfaɗo, matarsa Zuhur ta fita karɓo magani, sai ya kamo hannuna.

"Hadda, bana zan diro."

"Yaya, allurar ce ba ta sake ka ba."

"Ta sake ni sarai. Abu bai fi ƙwan kaza ba ya kwantar da ni. Da na ga fitilar ɗakin tiyata a kaina na ce shi ke nan, Larbi ya gama kai mutane bakin ƙofa, shi bai taɓa shiga ba. Na doshi sittin, ƴar uwa. In ban diro bana ba, ba ni ba dirowa. Amma kar Zuhur ta ji, kin san ta."

Na san ta. Mace ce da in ya hau tsani gyaran tankin ruwa take tsayawa a ƙasa tana salati. Ni kuwa daɗi ne ya kama ni har na manta a asibiti muke, domin karo na farko ke nan da na ji ya ce bana.

Likita ya ce in ɗinki ya warke, bayan wata biyu ya je ya yi abinsa. Idir kuma, wani ɗan garinmu da ya ƙware a harkar, wanda Larbi yake ɗauka tun yana koyo, ya ce shi da kansa zai ɗaura shi a ƙirji su diro tare. Sharaɗi ɗaya ne: ba a hawa da wanda ya haura kilo ɗari. Larbi ya yi dariya, ya ce shi casa'in da shida ne tun ranar aurensa.

Abin da ya manta shi ne, yanzu shi mara lafiya ne a unguwarmu. Wa zai zo dubiya hannu rabbana? Wannan ta zo da dunƙulen sukari da kaza, waccan da kuskus ya sha man shanu, direbobin tasha suka haɗa kai suka kawo ƙafar rago. Kuma mai dubiya ba ta tashi sai ta ga loma ta wuce maƙogwaro. Kwano ya koma gidansu da saura? Wannan gaba ce da jikoki za su gada. Lalla Mbarka, dattijuwar maƙwabciyarmu, har rafisa ta dafo masa, kaza da hulba irin wadda ake yi wa mai jego.

"Lalla, ai ba haihuwa na yi ba."

"An yanka cikinka ko ba a yanka ba? To ci. Si Larbi, wannan cinyar da sunanka na sa ta. Ko hannuna ne kake ƙyama?"

"Wane ni."

"To ci."

Ya ci. Ga likita ya hana shi tuƙi da ɗaukar ko da butar shayi, sai zama a kan kujera da turo nama gabansa. Ranar da wata biyu suka cika muka tafi filin jirgi ni da shi, da sunan za mu duba mota a gareji. Yana tafe yana waƙa. Idir ya rungume shi, ya ja da baya ya dube shi sama da ƙasa, sannan ya jawo sikeli da ƙafa. Ɗari da bakwai.

"Sikelin nan ya lalace," in ji Larbi. Ya cire takalmi, ya cire jallabiya, ya fito da makullai da waya ya miƙa mini. Allurar ko gezau.

"Kawu Larbi, da jakarka ce ta yi nauyi da na ce a rage kaya," in ji Idir. "Wannan kuwa a jikinka take. Jirgin yana nan har zafi ya fara shigowa, daga nan sai wata shekarar. Ka sauke bakwai ɗin nan ka dawo, wallahi ni zan kai ka."

A hanyar gida Larbi ya yi ta lissafi da baki. Cewa maƙwabta su daina kawo abinci ba zai yiwu ba, sai an tambayi dalili, dalili kuma sai ya kai kunnen Zuhur. Can ya daki sitiyari. Ya ce ya samo uzurin da ba wanda ya isa ya yi gardama da shi: azumin nafila. Ni ma na ce wannan dabara ce, har na yaba masa.

An gudu ba a tsira ba. Kafin mako ya zagayo, unguwa duk ta ji cewa Si Larbi ya shiryu tun da ya leƙa lahira ya dawo. Wa kuma zai bari ladan ciyar da mai azumi ya wuce shi? Ana kiran magariba sai ka ga yara sun yi layi a ƙofarsa, wannan da tukunyar miyar harira, wannan da dabino da dafaffen ƙwai, wannan da soyayyen abin zuma yana ɗiga. Liman da kansa ya gayyace shi buɗa baki. Abin da yake ci da rana a da, yanzu yana cin ninkinsa a zama ɗaya. Masu iya magana sun ce garin neman ƙiba ake samo rama, shi nasa a juye ya zo masa.

Ni fa abin ya fara ba ni haushi, har na soma tunanin wa yake yaɗa labarin azumin nan gida-gida. Wata rana na shiga ɗakin girkinsu na tarar da Zuhur tana tuttula man zaitun a kwanonsa kamar mai ban ruwan shuka.

"Zuhur, man nan bai yi yawa ba?"

Ba ta ko ɗago ba. "Kilo ɗari ne, ko? Ko sun ƙara?"

Na ce, "Wa ya faɗa miki?"

"Ke da yayanki kun ɗauka ni jaka ce. Mutumin da yake magana cikin barci zai ɓoye mini abu? Tun makon farko na sani. Hadda, ban iya hana shi da baki ba, bai taɓa jin maganata a kan mota ba balle jirgi. Amma cokali a hannuna yake. Gara ya zauna mini a ƙasa da tumbi, da a kawo mini shi a cikin bargo."

Na so in yi faɗa, na kasa, domin na ga tsoro ne ya sa ta, ba mugunta ba. Ban faɗa wa Larbi ba. Tsakanin miji da mata sai Allah.

Da ya koma awo na biyu ya tarar ya ƙara ɗaya, sai ya daina azumin, ya daina maganar. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali. Larbi ya yi shiru. Ya koma aiki, ya kai masu lema ƙofar filin, ya juya mota nan take. In jirgin ya ratsa ta saman unguwa, shi da yake fitowa ko takalmi babu, sai ya ƙara muryar rediyo. Aka sa masa abinci ya ci, aka ƙara ya ci, bai ce ya ƙoshi ba, bai ce ya yi daɗi ba.

Zuhur ta jure kwanaki kaɗan. Wata safiya sai ga ta a ƙofata da mayafi a karkace.

"Wannan ba mijina ba ne," ta ce. "Buhu ne aka ajiye mini a falo. Saura nawa jirgin ya tafi?"

"Wata guda da ɗan abin da ba a rasa ba."

"Taso."

Abin da ta yi ranar, ni da nake da bakin tsiya ban isa in yi shi ba. Lalla Mbarka tana isowa da faranti, Zuhur ta tare ƙofa ta ce Allah ya saka da alheri, amma a mayar. A unguwarmu kuwa ba a mayar da faranti cike. Lalla Mbarka ta ce tun da uwarta ta haife ta ba a taɓa yi mata haka ba. Zuhur ta sumbaci kanta, ta zaunar da ita, ta faɗa mata komai. Tsohuwar ta ce, "Daga jirgi? Si Larbi? Wallahi sai na ga wannan kafin in mutu."

Kafin la'asar unguwar da ta sa shi ƙiba ta koma gadinsa. Mai burodi ya ce ba zai sayar masa ba. Mai shayin tasha ya daina sa masa sukari, wanda a wurin Larbi daidai yake da a ba shi ruwan wanka. Direbobi suka ƙwace masa makulli da yamma, dole ya taka zuwa gida, yara suna binsa suna tambaya saura nawa. Zuhur kuwa dafaffiyar kabewa da wake take ba shi, ba mai, tana zuba masa tana harararsa. Bakinsa ya dawo, har ya fi da. Duk fasinjan da ya shiga motar sai ya ji yadda ake naɗe ƙafafu in an zo bakin ƙofar jirgi.

A makon ƙarshe ya hau sikeli, allura ta tsaya a ƙasa da ɗari da ƙyar, kamar mai jin kunya. Idir ya ce a kawo masa kayan ɗauri.

Rabin unguwa ta zo, har da Lalla Mbarka a kan kujerar roba. Aka ɗaɗɗaure Larbi da igiyoyi ta kafaɗa da cinya, direbobi suna yi masa tsiya wai yau za a yi masa goyon gaba. Yana ta dariyar yaƙe. Ya zo ya sumbaci goshina, ya dubi Zuhur, ta ce, "Tafi, kafin in canza shawara." Ƙaramin jirgin ya kwashe su, ya yi ta hawa yana zagaye har ya zama ɗigo a gefen duwatsu. Na kafe shi da ido. Sai ƙarar injin ta sauya, wani ya ce sun buɗe ƙofa.

Nan Zuhur ta juya wa filin baya, ta fuskanci katanga, ta damƙe hannuna ta baya. "Ki faɗa mini," ta ce. "Ni ba zan duba ba."

Na faɗa mata. Ga wasu ƙwayoyi sun zubo daga jirgin. Suna faɗowa, Zuhur, suna faɗowa, ba abin da ya buɗe. Farcenta ya shige fatata. Sai lema ta farko ta tashi, sai ta biyu, sai ja da fari, ta Idir. Ta buɗe! Mata suka rangaɗa guɗa, direbobi suka hau danna oda, ni kuwa tsalle nake yi da shekaruna, ina kuka ina dariya. Lemar ta yi ta lilo tana saukowa, har muka fara jin muryarsa daga sama yana kabbara, yana kiran sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya.

Suka sauka a zaune, suka ja ciyawa da gindi. Idir ya kwance shi, amma Larbi bai tashi ba. Sai a lokacin Zuhur ta juyo. Ta ratsa filin da aka ce kar kowa ya shiga, ta durƙusa a gabansa, ta ɗora hannu a kan wurin ɗinkin a gaban jama'a, ita da ko hannunsa ba ta riƙewa a titi.

"Bai buɗe ba?"

"Bai buɗe ba." Yana haki, hawaye sun yi masa layi har cikin kunne saboda iska. "Zuhur, da muka matso ƙasa na yi ta neman ki. Kowa ya ɗaga fuska sama, mutum ɗaya ce kawai ta juya baya. Na ce wa Idir, ka ga waccan? Tawa ce, kai ni wurinta."

"Ƙarya kake yi," ta ce. "Daga can me za ka gani?"

Amma ba ta ɗauke hannunta ba, shi ma bai yi yunƙurin tashi ba, har sai da Idir ya zo ya roƙe su su matsa, akwai wasu suna saukowa.