Na Zaci Kunyar Ɗan Fari Ce

Da Allah zai ba ni ikon warware abu ɗaya cikin abubuwan da na aikata a duniya, da na warware wani yabo da na riƙa yi wa matata a gaban mutane. Yanzu na tsufa, karatuna kuma bai wuce na allo ba, amma ina so in ba ku wannan labari kafin ƙasa ta rufe mini ido, ko wani ya tsira daga abin da ni ban tsira ba.

A lokacin ina matashi, tun Turawa ba su shigo ƙasarmu ba, sana'ata zuma ce. Ina da amya a bisa itatuwa cikin dajin Kamuku, nakan fita daga Birnin Gwari da sassafe, wani lokaci har in kwana a can. Matata Bafillatana ce, wurin tallar nono na gan ta. Da cikinta na fari ya tsufa sai annoba ta faɗa wa shanu, iyayenta suka kora abin da ya rage musu suka yi kudu, ba wanda ya san inda suka sauka. Al'ada kuwa, haihuwar fari gida ake zuwa, uwa ta yi wa 'yarta wankan jego, ta dama mata kunun kanwa, ta koya mata riƙon jariri. Matata ba ta da gidan zuwa, ni kuma uwata ta riga ta rasu. Abin da na iya shi na yi. Na tara itacen jego har ya fi dangar gidana tsawo, duk wanda ya wuce sai ya tanka. Na roƙi wata maƙwabciya ta riƙa zuwa safe da yamma tana yi mata wanka. Takan zo ta yi, ta koma wajen nata 'ya'yan. A ganina na gama komai.

Ta haifi namiji. Bayan suna sai na lura ba ta kallon yaron. Yana kuka, ita tana zaune a bakin gado ta juya fuska ga bango. In ta ba shi nono, tun bai ƙoshi ba za ta cire shi ta ajiye. Abinci kuwa sai ta taɓa ta ture. To, kun san kunyar ɗan fari: mace ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, Fulani kuwa sun fi kowa riƙon wannan. Sai na zaci ita ce, har daɗi nake ji. In an tambaye ni mai jego a majalisa, sai in ce ai ni 'yar asali na aura, ko kallon yaron ba ta yi. Abokai su ce lalle mai zuma ya dace. Wata rana 'yan barka suna cikin ɗakin, na tsaya a bakin ƙofa na faɗi haka da ƙarfi don ta ji. Ta sunkuyar da kai. Na ce a raina wannan ma kunya ce.

Kusa da ƙofar birni akwai wata tsohuwa Bagwariya, ungozoma, kowa Iya yake ce mata, ita ce ma ta yanke wa ɗana cibiya. A gidanta akwai ɗakuna masu gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashi. Duk macen da ta haihu ba ta da uwa a kusa, ko nononta ya ƙi zuwa, ko haihuwa ta taɓa mata zuciya, can take zama da jaririnta. A ciyar da ita, a yi mata wanka, a karɓi yaron ta sami barci, har sai ta tsaya da ƙafafunta. Iya ba ta neman komai wurin miji sai itace da hatsi. Ita ce ta tare ni a kasuwa ina auna zuma. Ta kira ni ɗan nan, da Hausarta ta Gwari, ta ce in kawo mata yarinyar nan da yaronta su zauna wurinta, domin idonta bai yi mata ba. Na ce lafiyarta lau, filako ne kawai, wato kunyar Fulani. Ta ce ita tana karɓar haihuwar Fulani tun ubana yana yawo ba wando. Ta ce mai kunya a gaban mutane take kau da kai, amma da ɗaki ya zama ba kowa sai ta rungume ɗanta tana shinshina shi. Ta tambaye ni ko na taɓa leƙawa na ga abin da matata take yi in ba kowa. 'Yan kasuwa suka tuntsire da dariya, dariyar nan ce kuwa ta ɓata mini rai. Na ce mata gidanta na waɗanda mazansu suka gaza ne, ni kuwa itacena ya fi nata yawa. Ta ce to madalla, in je in tambayi itacen ko zai ba yaron nono. Ta ɗauki sandarta ta wuce.

Na tafi daji ɗiban zuma, na bar su. Ranar da na dawo da la'asar na tarar da gidan shiru, har na yi murna yaro ya daina rigima. Sai maganar Iya ta faɗo mini, na leƙa ba tare da sallama ba. Yaron yana kwance a ƙarshen gado, maɗigarsa ta faɗa, leɓunansa sun bushe, yana buɗe baki amma kukan ba ya fita. Ita kuma tana zaune a ƙasa, ta tura hannayenta ƙarƙashin cinyoyinta, hawaye yana zuba. Na tambaye ta abin da ya faru. Da ƙyar ta ce tsoron taɓa shi take ji, tun ranar da ta haife shi take jin kamar hannayen nan ba nata ba ne, kamar in ta ɗauke shi za ta yi masa illa. Na saɓi yaron, na kama hannunta, muka ratsa gari kowa yana kallo, har gidan Iya, wanda na kushe a kasuwa. Iya ta karɓi yaron. Ta miƙa shi ga wata mai shayarwa, ta kwantar da matata a gado mai ɗumi. Amma yaron ya riga ya rasa ƙarfin tsotso. Suka riƙa ɗiga masa nono a baki da yatsa, suka yi iyakar ƙoƙarinsu. Bai kai arba'in ba. Masu ta'aziyya suka ce kwana ne ya ƙare, haka ne kuwa, ajali na Allah ne. Amma kula da su ni aka ɗora wa.

Matata ta zauna wurin Iya har damina ta wuce, ta dawo hayyacinta a hankali. Allah ya ba mu wasu 'ya'yan, kowace haihuwa kuma ni nake ɗaukar kayanta in kai ta da kaina. Da Iya ta rasu, matata ce ta ci gaba da karɓar masu jego a gidanmu, ni kuwa ina saro musu itace har bayana ya lanƙwashe. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Sai wata rana da muka manyanta, wani saurayi ya tsaya a zaurena yana yabon kunyar matarsa mai jego. Bayan ya tafi, tana tankaɗe gari, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce mini a kwanakin jegonta na fari kullum takan shirya gaya mini halin da take ciki, sai ta ji ina yabonta. Ta ce yaya za ta buɗe baki ta ce ba kunya ba ce, bayan na riga na gaya wa gari duka? Ban jira ta ƙarasa tankaɗen ba, na bi saurayin nan har gida don in gargaɗe shi.

Yau ita ma tana ƙasa, Allah ya jiƙanta. Abin da na koya shi ne, tulin itace da rago da goro ba su ne kula da mai jego ba. In kun ga mace ta yi shiru bayan haihuwa, kada ku sa wa shirun suna kafin ku tambaye ta, a keɓe, da taushin murya. In kuma wani gida ya buɗe mata ƙofa, ku kai ta tun yaron yana da ƙarfin kuka. Na roƙe ku don Allah, kada ku yi irin tawa.