Ranar da Baba Ya Ji Hanyar Zurmi da Tafin Ƙafarsa

Shekarun baya, lokacin ana bin hanyar Zurmi ba tare da fargaba ba, motata ta fara lilo a kan kwana. In na juya sitiyari, sai ta yi kamar tana shawara kafin ta bi. Bakanikena a Ƙaura ya leƙa ƙarƙashinta ya ce bush sun mutu, wato robobin da ke tsakanin ƙarfen ƙafa da jikin mota. Ya ce iri biyu ne. Masu taushi suna shanye gargada, amma hanyarmu ba ta barinsu su daɗe. Masu tauri suna riƙe mota cak a kwana, sai dai duk abin da taya ta taka zan ji shi a cikin ɗaki.

Na zaɓi masu tauri. Motar ta miƙe, sitiyari ya koma jin magana nan take. Amma ƙarar ta wuce yadda na zata. Ni da aikina a gidan rediyo shi ne korar hayaniya daga ɗakin ɗaukar magana, sai ga ni ina yawo cikin ganga.

A makon ne aka aiko cewa ƙanwar mahaifina tana kwance a Zurmi, kuma tana ta kiran sunansa. Mahaifina tsohon direba ne. Ya yi ƙuruciyarsa yana jan babbar mota mai bodin katako tsakanin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi. Tun da idonsa ya rufe ya daina tafiya. Ya kan ce a mota shi da buhun gero ɗaya suke, a ɗora shi a sauke shi, bai san inda aka bi da shi ba. Sai da mahaifiyata ta sa baki sannan ya yarda, shi ma don zumunci. Na san idan tafiyar ta wahalar da shi, ba zai sake fita ba.

Na koma wurin bakanike a mayar da masu taushi, ya ce sai an kawo daga Gusau. Haka muka kama hanya da safe, ina ta ba Baba haƙuri tun kafin mu bar gari.

Da muka ɗan yi nisa, sai na ga ya sunkuya ya cire takalmansa, ya shimfiɗa tafin ƙafarsa a ƙasan motar, ya dafa ƙofa da hannu.

"Mi anka yi ma motar ga?"

"Bush na canza, Baba. Za a cire su, in sha Allahu."

"Yi shiru. Kashe rediyon."

Na kashe. Muka ci gaba, motar tana kawo mana kowane tsakuwa. Can sai ya ce, "Rage wuta, kwalbati na gaba. Bayansa hanya za ta karkata dama." Na rage. Ga kwalbati, ga kwana. Na dube shi, idanun nan farare suna kallon sama, amma fuskarsa ta direba ce da ke kan aiki.

Daga nan bai sake yin shiru ba. Ya gane inda ƙasa ke da laka a ƙarƙashin kwalta, domin a nan take lotsawa duk damina. Ya gane gada tun daga sautin hawanta. Ya ce a gefen hagu akwai tsamiyar da suke tsayawa sallar azahar. Na duba, kututturenta kawai ya rage. Ban faɗa masa ba. Ga ni mai ido ina bin umarnin wanda ba ya gani, kuma bai kuskure ba.

Wuri ɗaya ne ya rikice masa. Ƙarar ta lafa, motar ta yi sumul.

"Nan ban san shi ba."

"Sabuwar kwalta ce, Baba."

"To, tafi a hankali in koye ta."

Mun samu ƙanwarsa jikinta da sauƙi. Da ta tambaye shi ya hanya, ya ce, "Ni na kawo yaron ga, shi dai ya riƙe sitiyari." A dawowa, da muka hau sabuwar kwaltar, ya yi murmushi ya ce, "Ga baƙuwata." Kafin mu shiga Ƙaura ya ƙara da cewa, "Kada ka taɓa robobin nan. Ran Alhamis ka kai ni Shinkafi, in ji abin da sunka yi ma hanyata."

Na kai shi, ba sau ɗaya ba, har Allah ya karɓi abinsa.

Na shafe rayuwata ina ɗaukar cewa sauti mai kyau shi ne wanda aka tace. A ranar na fahimci abin da nake kira hayaniya, ga wani shi ne labarin gaba ɗaya. Har yau masu tauri nake sa wa mota. Matata tana ƙorafin ba a jin rediyo, kuma gaskiyarta ce. Ni kuwa wani lokaci, in ni kaɗai ne, nakan cire takalmin hagu in saurara. Ban taɓa gane ko kwalbati ɗaya ba.